Canjin tayirod a ƙofar gida: in yi da hannuna ko in kai gareji?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Legas da ke wannan zaure. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 wadda nake zuwa aiki da ita daga Agege zuwa Apapa, kuma kusan mako uku ke nan sitiyarinta yana yi mini wasa a hannu, sai na ɗan juya shi kafin tayoyin su amsa. Idan na faɗa rami ina jin ƙwas-ƙwas daga gefen dama na gaba, sannan jiya da na durƙusa na duba, na tarar tayar wannan gefen ta cinye ta ciki har ta kusa yin sulɓi, alhali ta waje haƙoranta suna nan daram. Wani abokin aikina ya ce tayirod ne, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Ina da jak da wilsifana da sifanu daga lamba 10 zuwa 22, kuma ni nake canja wa motar baƙin mai da birki tun da na saye ta. Shin wannan aiki ne da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa ranar Asabar, ko kuwa ganganci ne? Ba rowa ce ta sa nake tambaya ba. Sau biyu ina biyan kuɗin sabon kaya a wani gareji, daga baya in gano tsohon aka wanke aka mayar mini. Ƙarshen wata mai zuwa kuma ina son in tafi Katsina da iyali a wannan motar.

Baba_Bakanike_IdiAraba:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, na haura shekara 30 ina kwanciya a ƙarƙashin mota, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka sayi komai tukuna, domin abokin aikinka bai taɓa tayar ba, da kunne kawai ya yanke hukunci. Ƙarar da ka kwatanta tana iya fitowa daga tayirod, tana iya fitowa daga boljoyin na ƙasa, wato gaɓa mai ƙwallo da ke riƙe ƙafar taya ta ƙasa, ko daga bushin da ya mutu. Ka ɗaga gefen daman, ka kama tayar da hannu biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, wato inda ƙarfe 3 da ƙarfe 9 suke a fuskar agogo, ka girgiza ta. In ka ji tana motsi da ɗan ƙara, zargi ya hau kan tayirod. Sannan ka kama sama da ƙasa ka sake girgizawa, in a nan motsin yake, to ka nemi boljoyin ko boris. Bayan haka ka sa yaro ya ci gaba da girgiza tayar, kai kuma ka leƙa ta baya ka ɗora hannu a kan gaɓar waje, inda tayirod ya shiga nokul, wato ƙarfen da ke riƙe da taya. In wasan a nan yake, za ka ji shi a tafin hannunka. In babu, ka matse robar nan mai naɗe-naɗe ta jikin rak, wato doguwar sanda mai haƙora da sitiyari ke turawa dama da hagu, da yatsu har ka ji ƙwallon da ke ciki, domin tayirod biyu ne a kowane gefe, na waje da na ciki wanda muke kira rak-en, kuma wahalar aikinsu ba ɗaya ba ce. Ka dawo ka gaya mana wanda ka samu.

Abba_Yaba:
Ni dai na canja na wajen a Honda Accord ɗin yayana bara, kuma bai ɗauke ni awa biyu ba. Sirrin aikin shi ne ƙirga juyi: sau nawa ka juya tsohon kafin ya fita, sau nan za ka juya sabon ya shiga. Ni na ƙirga 17 na mayar da 17, ban je wurin alaimen, wato saitin daidaita tayoyi, ba, kuma motar tana tafiya sumul har yau. Ina ganin ana tsoratar da mutane ne kawai don kada su koyi aikin.

Injiniya_Bello:
Ƙanena Abba, ƙirga juyi abu ne mai kyau, amma amfaninsa shi ne ya kai ka wurin mai alaimen lafiya, ba ya maye gurbin alaimen ba. Bari mu yi lissafi a fili. A motoci da yawa irin waɗannan, tazarar da ke tsakanin zaren tiredi ɗaya da na gaba milimita 1.5 ce, saboda haka juyi ɗaya tak yana tsawaita tayirod ko ya gajarta shi da milimita 1.5. Mu ɗauka hannun nokul da tayirod yake turawa yana da tsawon santimita 14. Wannan ɗan bambancin zai karkata tayar da kusan digiri 0.6, kuma a taya mai lamba 195/65 R15, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya kai kimanin santimita 63, bambancin da zai shiga tsakanin gabanta da bayanta ya kusa milimita 7. Abin da Toyota ta yarda da shi a Corolla irin ta Malam Sani kuwa milimita 2 ne kacal, ko ta ciki ko ta waje.

Direba ba zai ji wannan a hannu ba, domin yana ɗan karkata sitiyari sai tayoyin biyu su raba laifin, kowace ta ɗauki digiri 0.3. Ma'anar haka ita ce a kowace kilomita ana jan kowace taya a kaikaice kimanin mita 5 a kan kwalta. Daga Legas zuwa Katsina ya wuce kilomita 1,000, ke nan tayar za ta yi tafiyar kilomita 5 ana gurzarta kamar ana goga ta a jikin dutse. Ƙari a kan haka, sabon tayirod ba lallai ne tsawonsa ya zo daidai da na tsohon ba idan kamfaninsu daban, don haka 17 ɗinka na iya zama daidai a ƙirga amma kuskure a awo. Ka je ka shafa tayoyin motar yayanka da tafin hannu daga ciki zuwa waje, sannan daga waje zuwa ciki. In ka ji santsi ta ɗaya hanyar, kaifi ta ɗayar, ka samu amsarka.

Direban_Tirela_Ijora:
Ni ba masanin ƙananan motoci ba ne, amma ina kan hanya dare da rana, kuma ba sau ɗaya ba na ga mota a tsakiyar gadar Third Mainland da tayar gaba ta juya ta kalli wani wuri daban, mai ita yana tsaye ya ɗora hannu a ka. Gadar nan ta kusa kilomita 12, babu wurin fakewa, motoci kuma suna zuwa a guje ta baya. Wanda ya ga irin wannan ba zai ɗauki noti ɗaya na ƙafar mota da wasa ba. Malam Sani, in ka yi kuskure a baƙin mai inji ne zai lalace, amma in ka yi kuskure a nan sitiyari ne zai rabu da taya.

Baba_Bakanike_IdiAraba:
Direba, gaskiya ka faɗa, sai dai a bambance abu biyu. Idan ka ga taya ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota, gaban motar ya dira a ƙasa, galibi boljoyin na ƙasa ne ya fita. Idan kuwa tayar tana tsaye a kan ƙafarta amma ta juya gefe ita kaɗai, 'yar'uwarta tana kallon gaba, wannan tayirod ne. Kuma yawancin waɗanda aka jawo mini, ba masu gyara a gida ne suka jawo abin ba, masu jin ƙara ne wata da watanni suna ƙara sautin rediyo.

Hajiya_Maman_Khalifa:
Malam Sani, ina ganin damuwarka ta gaskiya ba tayirod ba ce, rashin amana ce, kuma ita tana da magani ba tare da ka shiga ƙarƙashin mota ba. Ni mace ce, ni nake kula da motata tun rasuwar maigidana, kuma ga yadda nake yi: ni nake sayo kayan da kaina, in zauna a benci a garejin har a gama, sannan in ce a sa mini tsohon a leda in tafi da shi. Tun da na fara haka ba a sake mayar mini da tsohon kaya ba. Kai da za ka ɗauki mata da 'ya'ya ka bi hanyar Ilori ko ta Lakwaja, me zai sa tafiyar ta zama ita ce gwajin aikinka na farko? Ka koya a kan wani abin, wannan ka bar wa masu shi.

Garba_Mile12:
Hajiya, ku yi haƙuri, amma zaman benci ba ya hana a ɗaure noti da ƙiyasi. Na taɓa zama ina kallo aka canja mini tayirod, sai da na dawo gida na ga an sa lanƙwasasshiyar ƙusa a maimakon fil, wato ɗan siririn ƙarfen da ake zurawa don hana noti kwancewa, kuma yaron shagon da bai wuce shekara 15 ba ne ya yi aikin, ogan yana cin abinci. Mai mota da ya natsu, wanda ya san 'ya'yansa ne za su shiga, zai iya fin wannan yaron kulawa.

Dan_Kasuwa_Ladipo:
Tunda maganar kaya ta taso, bari in sa baki, domin sana'ata ce. Abu na farko, Corolla ta 2006 ba iri ɗaya ba ce: akwai wadda aka yi wa kasuwar Amurka, akwai ta Turai, kuma kayan ƙafarsu ba lallai su hau juna ba. Ka zo da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ko kuma, wanda ya fi, ka zo da tsohon a hannu a jera su a kan tebur. Ka duba tsawo, ka duba lanƙwasar jiki, ka duba kaurin sandar da ke shiga nokul, sannan ka gwada notin a kan tiredi. Na wajen a motoci da yawa akwai na dama akwai na hagu, za ka ga harafin R ko L a jiki ko a kwali.

Abu na biyu, sunayen da aka fi nema a nan su ne 555 na Japan da CTR na Koriya ta Kudu, kuma duk sunan da ya yi farin jini sai an yi masa jabu, kwali mai kyau, ciki kuwa sai a hankali. Sabon tayirod na kirki yana da tauri, da ƙyar za ka iya karkata sandarsa da babban yatsa. In ka ga sabo yana lilo kamar wuyan kaza, ka ajiye shi. Ka duba robar ko tana da kauri da laushi, kuma ka ga ko an haɗo da sabon noti da fil. In ba ka samu a Ladipo ba, akwai kasuwar ASPAMDA a Trade Fair kan hanyar Badagry.

Garba_Mile12:
To, Ɗan Kasuwa, ni abin da na saba ji shi ne tokunbo na asali, wato tsohon kayan da aka ciro daga motar ƙasar waje, ya fi sabo na jabu. Me za ka ce?

Dan_Kasuwa_Ladipo:
Malam Garba, a ƙofa ko fitila ko injin ɗaga gilashi na yarda da kai. A tayirod ban yarda ba, ko da yake ina sayar da shi. Ƙwallo ne a cikin kwanon da ke cinyewa a hankali, kuma babu wanda zai gaya maka tafiyar da ya yi kafin a sare motar. Sau da yawa ma wajen ciro shi ake fasa robar, ruwan damina ya shiga, giris ya wanke, bayan wata uku ka dawo kana zagina.

Malam_Tukur_Obalende:
Ana ta maganar noti da tiredi, ba wanda ya tambayi Malam Sani inda zai ɗaga motar. A yawancin gidajen haya na Legas ko dai ƙasa ce mai yashi da ke riƙe ruwa, ko bakin kwata, ko titi mai gangara. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canjin taya na minti goma, ba don a riƙa dukan ƙarfe da guduma mota tana kansa ba. Dole ne a sami ƙafar ƙarfe ta tsayar da mota a sa a ƙarƙashin wuri mai ƙarfi, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, sannan a tura tayar da aka cire a ƙarƙashin gefen motar don ko ta kwana. Bulo na siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Wani maƙwabcinmu ya yi wata biyu da hannu a ɗaure saboda bulo.

Sani_Agege:
Na gode ƙwarai da wannan kulawa. Malam Tukur, harabar gidanmu daɓen siminti ne mai kyau, kuma zan ari ƙafar ƙarfe guda biyu. Baba, na yi gwajin da kuka ce da yammacin nan. A dama wasan yana gaɓar waje, na ji shi a hannuna sarai, robar ma ta yage. Sama da ƙasa babu motsi. A hagu ban tabbata ba, kamar akwai ɗan abu kaɗan. Ina roƙon ku bayyana mini yadda ake bin aikin daki-daki.

Baba_Bakanike_IdiAraba:
Madalla, na waje ne, kuma wannan mai canja birki da kansa zai iya. Tun daren Juma'a ka goge tiredin da burushin waya ka fesa masa maganin tsatsa. Da safe ka sassauta notocin taya da lamba 21 tun motar tana ƙasa, ka ɗaga, ka cire tayar. Abu na farko da za ka taɓa shi ne notin kulle, wanda ke bayan tayirod ɗin a kan sandar ciki. Ka sassauta shi tun gaɓar tana maƙale a nokul, domin in ka riga ka cire ta ba abin da zai riƙe maka, sai ka yi ta kokawa da ƙarfe yana juyawa. Ka karya ɗaurinsa kawai, kada ka matsar da shi, ka sa alamar fenti a tiredin, sannan ka auna da tef daga alamar zuwa tsakiyar ƙwallon ka rubuta.

Daga nan ka miƙe ƙafafun fil da filaya ka zare shi, ka kwance notin mai tsaga-tsaga a ka, amma ka bar shi a bakin tiredi. A nan sababbin hannu suke karaya, domin sandar tana da siffar tsinin da ya cushe a ramin nokul, ba ta fita da ja. In kana da fula, wato abin matsewa da ake ɗaurawa a tura sandar, ka yi amfani da ita. In babu, ka doki gefen nokul ɗin daidai inda sandar ta ratsa, duka mai kaifi biyu ko uku, za ka ji ta saki. Kada ka doki kan tiredin. Sai ka juya tsohon ya fita kana ƙirgawa, ka jera shi da sabon, ka mayar, ka sake aunawa da tef. In awo da ƙirga suka saɓa, bi awo.

Injiniya_Bello:
Baba, ina tare da ku a komai sai guduma. A Corolla ɗin nan nokul ƙarfe ne, zai jure, amma akwai motocin da nokul ɗinsu na alminiyom ne, kuma mai karanta wannan zaure gobe zai iya ɗaukar maganar ya je ya fasa nasa. Sannan kusa da wurin akwai tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya kafewa in an taka birki, guduma kuma ba ta da ido a hannun wanda bai saba ba. Fula ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da za ta kare.

Game da ɗauri, littafin gyaran wannan motar ya ba da awo a Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaure noti: notin da ke riƙe tayirod a nokul 49 Nm, notin kulle 74 Nm, notocin taya 103 Nm. A nemi sifana mai auna ƙarfin ɗauri ko da aro ne. Idan an kai awon amma tsagar notin ba ta yi daidai da hudar fil ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan har su haɗu, kada a sassauta. Fil kuma sabo ake sawa, domin wanda aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya gaji, kuma ramin ya kasance a bushe, ba a shafa giris a tsinin sandar.

Baba_Bakanike_IdiAraba:
Injiniya, na karɓi gyaranka a kan alminiyom. Amma sifanar awo, in gaya maka gaskiya, garejin bakin hanya nawa ne a Legas suke da ita? Hannu ma yana da awonsa in ya daɗe a aiki. Sai dai hannun Malam Sani bai daɗe ba, saboda haka shi ya nemi sifanar.

Abba_Yaba:
Injiniya, na shafa tayoyin kamar yadda kuka ce, kuma lallai akwai kaifi ta gefe ɗaya. Zan gaya wa Yaya mu je alaimen. Amma ina da tambaya: idan notin kullen ya ƙi motsi fa? Na ga bakanikai suna zuba man birki, wasu kuma suna kawo wutar mai walda.

Garba_Mile12:
Wannan matsalar ta fi yawa a motocin da aka shigo da su daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ƙarƙashinsu yana zuwa da tsatsa tun daga can, sannan iskar teku da ambaliyar Legas su ƙarasa. Man birki yana cin fenti, don haka ni WD-40 ko kananzir nake sawa, in bar shi ya kwana, amma ba na bari ya taɓa roba. Wuta kuwa ba ta mai gyara a gida ba ce, domin robar rak tana nan kusa, kuma zafi yana bin sandar ya isa ƙwallon ciki. In ya ƙi bayan kwana ɗaya, a mayar da taya a kai gareji, ba abin kunya ba ne.

Mai_Alaimen_Oshodi:
Ni ne wanda za a kawo wa motar daga ƙarshe, don haka ga roƙona. Ka zo kai tsaye a hankali, kada ka ce sai ka yi mako guda kana zuwa Apapa. Ka zo da iskar tayoyi daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kuma but ɗin mota ba kaya. A Corolla ɗin nan abin da muke saitawa a gaba shi ne buɗewa ko tsukewar tayoyi, kuma da tayirod ɗin nan muke yinsa, daga gefe biyu, bayan an kulle sitiyari a tsakiya. Wanda ya saita daga gefe ɗaya kawai zai ba ka mota mai tafiya a miƙe da sitiyari a karkace. Ka nemi a nuna maka lambobin da ke kan kwamfuta kafin aiki da bayansa. Cin taya ta ciki da ka ambata alama ce ta tayoyin sun buɗe, amma in bayan saiti kwamfuta ta nuna tayar ta kwanta ciki ta sama fiye da ƙima, to akwai abin da rami ya lanƙwasa, kuma ba tayirod ne zai gyara shi ba. Ka tuna kuma a cibiyoyin gwajin mota na jihar Legas ana duba ƙafar mota kafin a ba da takardar cancantar hawa titi.

Hajiya_Maman_Khalifa:
To kun gani, an ce fula, an ce sifanar awo, an ce ƙafar ƙarfe, sannan duk da haka sai an je wurin mai alaimen an biya. In aka haɗa kuɗin waɗannan, ina ribar? Ni har yanzu ban ga abin da ya fi zaman benci ba.

Injiniya_Bello:
Hajiya, a aiki ɗaya babu riba, kun yi gaskiya. Kayan aikin sai an yi amfani da su sau uku ko huɗu suke biyan kansu. Abin da Malam Sani yake saye shi ne ya san da idonsa abin da aka sa da yadda aka ɗaure shi.

Sani_Agege:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya Asabar na canja na wajen dama. Notin kulle ya saki bayan feshin dare, fular da na ara ta fitar da sandar da ƙara kamar harbin bindiga har maƙwabta suka leƙo. Na ƙirga juyi 16, amma da na mayar da sabon da juyi 16 na auna, sai na ga ya ɗara tsohon awon da kusan milimita 3, don haka na bi maganar Baba, na matsar da notin kullen na ƙara juyi biyu. Na ɗaure da sifanar awo, na sa sabon fil. Ƙarar dama ta ɗauke. Sai dai da na isa wurin alaimen, mutumin ya girgiza tayar hagu ya ce ba zai karɓi kuɗina ba, domin rak-en na hagu yana da wasa, kuma saitin da aka yi a kan gaɓa mai wasa ba ya zama. Da ya zame robar ya nuna mini, na ga ɗan danshin jan mai a ciki. Yanzu ina tsakanin in ci gaba da kaina ko in tsaya a nan.

Mai_Alaimen_Oshodi:
Wannan mutumin ka riƙe shi, ya yi maka adalci.

Baba_Bakanike_IdiAraba:
Barka da ƙoƙari, Malam Sani, amma a nan zan ja maka birki. Rak-en a jikin rak ɗin kansa yake ɗaure, a lungu, kuma in ka murɗa shi da ƙarfi ba tare da an riƙe rak ɗin ba, haƙoran ciki ne za su sha wahalar. Yana da wosha ta kulle da ake miƙewa a cire, a sa sabuwa a lanƙwasa, kuma yana son sifanarsa ta musamman mai kama da dogon bututu. Abin da ya fi damuna ma shi ne jan man. Corolla irin taka da man sitiyari take aiki, kuma cikin robar nan giris kaɗai ya kamata a gani. In mai ya taru a wurin, sil ɗin rak, wato robar da ke tare mai, ne yake yoyo, sabon rak-en kuma ba zai tsayar da shi ba. Ka duba gwangwanin man sitiyarin yau, ka sa alama, ka sake dubawa bayan kwana uku.

Injiniya_Bello:
Ni ina ganin in man bai sauka ba zai iya yin rak-en ɗin da kansa muddin ya sami bututun, domin wanda ya bi awo ya bar ƙirga ya nuna yana da natsuwa. Amma ina ba da shawarar ya canja na wajen hagu a lokaci guda, tunda dole sai ya cire shi kafin ya kai ga na ciki, kuma shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu.

Dan_Kasuwa_Ladipo:
Injiniya, ko da yake ciniki ne a gare ni, ban ga dalilin jefar da gaɓar da ba ta da wasa kuma robarta lafiya ba, musamman in ta asali ce da ta zo da motar. Sau da yawa ita ta fi sabon da za a saya. Abin da lallai zai saya shi ne sabuwar robar rak da maɗaurinta na ƙarfe, kada ya ɗaure da waya ko da tsumman tiyub.

Hajiya_Maman_Khalifa:
Ni dai tayar da ta cinye ta ciki nake tunawa, wadda kowa ya manta da ita. Ko wa ya yi aikin, kada wannan tayar ta je Katsina.

Sani_Agege:
Hajiya, na ji, tayoyin gaba biyu zan canja bayan an gama saiti. Na sa alama a gwangwanin man da safen nan, zan duba ranar Laraba in faɗi abin da na gani. Kafin nan na ajiye motar, BRT nake bi. Baba, in man bai sauka ba, za ku yarda in kawo ta Idi-Araba ranar Asabar in yi aikin da hannuna kuna kallo, in biya kuɗin aiki kamar ku kuka yi?

Baba_Bakanike_IdiAraba:
Ka zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka taho da rak-en ɗin da robar da wosharsa, bututun yana nan. In kuma man ya sauka, kada ka sayi komai sai na ga rak ɗin.

Usman_Ajah:
Ku gafarce ni, yanzu na shigo zauren na karanta daga farko. Tawa Corolla ce ƙirar 2010 mai sitiyarin lantarki, ba ta da gwangwanin mai sam, kuma ita ma tana wannan ƙarar a hagu idan na bi ramukan unguwarmu bayan ruwan sama. Gwajin ƙarfe 3 da ƙarfe 9 ɗin da Baba ya faɗa zai yi aiki a kanta, kuma awon ɗaurin da Injiniya ya kawo ɗaya ne da nata?